Gaisuwar da Isufu Ya Yi a Cikin Kask

Guna, bayan asuba

Ƙarfe biyar da rabi na bar gida, ranar Laraba, a shekarar da korona ta rufe makarantu. Inna ce ta aike ni Damagaram. Ƙanena Isufu malamin makaranta ne a can, kuma lokacin da yake karatu shekara bakwai ya yi a gidan Baba Kyari a Zango, ci da sha da wurin kwana, ba a taɓa nuna masa shi baƙo ne ba. To, Baba Kyari ya rasu. Ni ina kwance da zazzaɓi, sai kawunmu ya je gaisuwa a madadin gida. Ga shi jibi sadakar arba'in, amma Isufu da yake unguwa ɗaya da su bai taka ƙofar gidan ba. Har Hajiya Falmata, matar marigayin, ta aiko wa Inna saƙo: "Ko shi ma ya mutu ne ba a gaya mini ba?"

Na kira shi, ya ce ai ya yi gaisuwa. Na ce a ina? "A cikin kask, Yaya." Na kashe salula kafin in zagi uwar da ta haife mu tare.

Hanya

Kabu-kabu ya kai ni bakin kwalta, na samu mota ƙarfe shida da kwata. Tafiyar ba ta wuce kilomita talatin ba, amma kuɗin mota ya ninka, wai an rage fasinja saboda cuta. Mu bakwai ne a baya, gwiwa na gugar gwiwa. Saura kaɗan mu isa shingen jandarmomi direba ya ce, "Kowa ya rufe hanci!" Nan da nan aka zaro takunkumi daga aljihu, wani tsoho ya ja rawani, wata ta ja gefen gyale. Aka auna mana zafin goshi, muka wuce, kowa ya mayar da nasa inda ya fito.

Na tambayi direban ko ya san wani abu kask. Ya ce, "Hular kwanon 'yan moto?" Na ce a'a, wanda ake zuwa gaisuwar mutuwa a ciki. Ya kalle ni ta madubi. "Malam, zazzaɓin nan ya sake ka kuwa?"

Zango, takwas da minti goma

A ƙofar gidan hayar Isufu wata mai waina ta ce mini, "Mushe Isufu, malamin makaranta? Muryarsa kawai muke ji, yana ta dariya shi kaɗai. Mun ɗauka ko iska ce." Na tura ƙofa ba sallama.

Ga ɗan Inna tsaye tsakar ɗaki, an ɗaure masa wani baƙin akwati a ido, yana miƙa wa bango hannu yana cewa, "Lafiya lau, ya iyali?" Wando na neman faɗuwa daga ƙugunsa. A ƙasa gwangwanayen kifi ne da busasshen burodi, taga a rufe, ɗakin na warin mutumin da ya daina jiran baƙi. Na taɓa kafaɗarsa, ya yi tsalle ya koma lungu yana cewa in tsaya nesa, in wanke hannu.

Na ce, "Wannan ce jama'ar da kake gaya wa Inna kullum kana cikinta?"

Ya ce Mutari ne, ɗan Baba Kyari da ke karatu a Faransa, ya aiko masa da abin tun bara. Yanzu da aka hana zaman shayi, sai suka buɗe fadarsu a ciki. Ya ce in sa in gani kafin in yanke hukunci.

Cikin kask, tara daidai

Wannan zangon ban taka ko taku ɗaya ba. Na ga tabarmi a gindin wata itaciya da ganyenta ba ya motsi. Mutane biyar suna shawagi, daga ƙugu zuwa sama, babu mai ƙafa ko ɗaya. Ga butar shayi a kan gawayi, ba zafi, ba ƙanshi. Wani ya miƙo mini kofi, ni kuma don wauta na miƙa hannu na buge ƙusar bango.

Wani mai farar riga ya ce, "Yaya Lawali, sannu da zuwa, Mutari ne." Na yi masa gaisuwa. Ya ce a nan suka yi zaman makokin mahaifinsa, kwana uku, abokai daga ƙasashe daban-daban, aka yi addu'a aka shafa. Muryarsa ta karye, kuma shi ban ga laifinsa ba, an rufe iyaka, jirgi ba ya tashi. Amma na tambaye shi, "Hajiya ta ga wannan zaman?" Na cire abin, kaina na juyawa kamar na sha fura mai tsami da yunwa.

Na ce da Isufu, "Mutari teku ce ta hana shi. Kai me ya hana ka? Kwata?"

Ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Yaya, ni na kashe shi." Ashe kwana goma kafin rasuwar ya je gaishe da tsohon, shi Isufu yana tari, har suka ci tuwo kwano ɗaya. Bayan kwana uku tsoho ya kwanta. Tun ranar da Isufu ya ji salati daga gidan bai ƙara wuce ƙofa ba. Ya ce a cikin kask babu mai ganin fuskarka, kana kuka hotonka na murmushi.

Na zo da zagi cike da baki, sai na rasa inda zan sauke shi. Tausayi ya kama ni, da haushin wannan akwati da ya ba shi wurin ɓuya kwana talatin da takwas. Na sayo waina, na tsaya kansa har ya cinye, na ce ya sa riga.

Daga ɗakin zuwa gidan Baba Kyari

Taku ɗari huɗu ne, na ƙidaya, amma minti ashirin da biyar muka yi. Rana ta hana shi buɗe ido. Kabu-kabu ya yi oda, ya maƙale da bango. A bakin shagon tela ya ce zai koma ya ɗauko takunkumi na biyu, na riƙe gefen rigarsa. Mutumin da ya gaisa da rabin duniya da safe, mai kanti ya ce masa sannu ya kasa amsawa.

Hajiya Falmata na zaune a tabarma cikin takaba, da tasbaha a hannu. Muka durƙusa daga nesa. Isufu ya ce, "Iya, ya haƙuri." Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne ka rame haka? Matso."

"Iya, ni na kawo masa tarin."

"Kai ka kawo? Tsohon da ya yi wata yana tari yana ɓoye wa 'ya'yansa, ga ciwon suga ya cinye shi? Shi fa cewa yake yi shi ya shafa maka. Har daren ƙarshe yana tambaya, 'Yaron nan ya warke? Ku ce ya yafe mini, ni na ja shi kwano ɗaya.' Na ce masa gobe za ka zo ya gan ka da idonsa. Sau uku ina ce masa gobe."

Isufu ya kifa goshi a tabarmarta yana kuka kamar yaron goye. Ta ɗora masa hannu a ka, ba ta tambayi kowa ko an halatta ba.

Komawa

Na bar shi can yana jera kujerun sadaka. Na hau motar ƙarfe huɗu, na iso Guna ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa mai wainar da ta yi alkawarin buga masa ƙofa kowace safiya. Inna ta tare ni a zaure ta ce, "Ya je?" Na ce ya je, da ƙafarsa. Maganar goben nan uku kuwa, har yau ban iya gaya mata ba.