Bangon Baba Gariba

Lori biyu gare ni a Salaga a wancan zamanin, ƙanena Seidu yana da ɗaya, ita ma sai an tura. Amma kowane mako doyarsa ke riga tawa shiga kasuwa. Bambancinmu mutum ɗaya ne, Baba Gariba, mai tsara wa Seidu aiki. Kun san ni ba na ɓoye-ɓoye: shekara goma sha ɗaya na yi ina jin haushin Seidu a kan tsohon nan.

Wa zai manta shi da guntun alli a bayan kunne? Ya raba bangon rumfar Seidu gida huɗu: sunan aiki, mai yi, bayan me, in ya ƙi. Kowane aiki layinsa ɗaya, sunansa kuma kalma biyu, ba ƙari. Zaɓi doya. Loda lori. Ɗaure tamfol. Ya ce direba ɗan Gonja ne, masu lodi Dagomba, mai saye a Bawku Kusasi, kowa da yarensa, in suna ya yi tsawo kowa rabin da ya gane zai ɗauka ya tafi.

Wata rana Seidu ya ƙara "da sauransu" a ƙasan bango. Kai! Baba ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Seidu, wa zai yi wannan? Bayan me? In ya ƙi fa?"

"Haba Baba, ai kowa ya gane."

"To ni ban gane ba, kuma ni ne na fi ku karatu." Ya cire hularsa ya goge.

Har madafar matarsa, Mma Azumi, bai bari ba. Ya rubuta mata: ɗebo ruwa, hura wuta, tuƙa tuwo. Ta sa ya karanta mata, ta ce, "Malam, ƙara layi a sama. Kawo cefane. Mai yi, kai. In ya ƙi, ka ci allinka." Wallahi ya rubuta! Ya yi mako yana faɗa wa mutane ita kaɗai ce ta fahimci tsarin a duk Salaga.

Na so in raba shi da Seidu, ban musa ba. Na kai masa sabon keke har gida. Ya zagaya shi, ya ce, "Alhaji, mene ne sunan aikin?"

"Ka zo ka riƙa duba mini abubuwa."

Ya ƙirga da yatsu. "Bakwai! Kai ma ba ka san abin da kake so ba." Ya kaɗa ƙararrawar sau biyu, ya ce tana da daɗi, ya miƙo mini abina.

Sai na yi dabara. Ranar da ya tafi biki Yendi, na je rumfar Seidu kamar gaisuwa, na kwafe bangon a takarda, na dawo na rubuta a nawa. Amma gida uku na ɗauka. Bangona bai da faɗi, kuma ni a ganina "in ya ƙi" mugun fata ne. Me zai sa ya ƙi?

Wata biyu ba su cika ba injin jirgin fito ya mutu a Makango, inda motocin doya ke haye ruwa zuwa kasuwannin kudu. Motocina biyu suna bakin ruwa, ta Seidu tana bayansu. Direbansa ya jira har azahar ɗin washegari, kamar yadda bango ya ce, ya juya ya bi ta Yendi ya sauke a Bawku, ya dawo da albasa. Nawa kuwa kwana biyar suna zaune, doya tana dahuwa a ƙarƙashin tamfol. Da na je na kama babban direbana Issaka da faɗa, ya ce, "Alhaji, ka rubuta hau jirgi. Jirgi muke jira."

Baba ya ji labari, ya tako har rumfata. Ya daɗe yana kallon bangon.

"Rubutunka ya fi nawa kyau," in ji shi. "Amma ka rubuta wa ranar da ba a jarrabar kowa."

Babu wuri a bango, sai ya ja gida na huɗu a jikin ƙofa, ya yi ta cikawa har la'asar. Ko goro ya ƙi karɓa. Na ce, "Baba, zauna mana, ko me kake so zan yi."

Ya kakkaɓe hannu. "Lokacin da idona ya fara rauni aka sallame ni daga kanti, Seidu ne ya zo nemana. Kai kana wucewa ta ƙofata kullum."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi.

Cikin doya dubu huɗu, dubu da ɗari biyar na zubar a Makango. Na sami ƙofa mai rubutu da aikin yini guda. Seidu ya sami mutumin har ƙarshen ransa. Ranar jana'iza ma shi ya kama makara ta wajen kai, ni aka bar mini ƙafa, kuma na riƙe da kyau.

Allah Ya jiƙan Baba Gariba, Ya yalwata masa kabari. Ni kuma Ya yafe mini shekarun da na wuce shi ban tsaya ba.