Zabiyar Kaka

A garkar kakana a Basirka akwai bishiyoyin dabino bakwai, amma ɗaya ce mai suna. Ganyenta ratsi-ratsi ne, fari da kore, kamar an watsa mata nono. Ni na raɗa mata Zabiya. Na sha gaya wa 'yan ajinmu a Birnin Kudu cewa masu babur har faɗawa rami suke yi garin kallonta.

"Amarya, ki daina zagar mini ita," in ji Kaka. "Ta fi ki kunya."

"Kai tsoho, kyasfi ne ya kama ta. Ka kai ta asibiti."

Ashe shi za a kai.

Kafin ya kwanta ciwo, wata rana ya nuna mini 'ya'yan da suka tsiro a gindinta. Biyu masu ratsi ne, ɗaya fari tas. Ya dafa farin ya ce, "Wannan a jikin uwarsa yake ci. Ranar da aka raba su, tasa ta ƙare." Ni kuwa ina bayansa, na ranƙwafa ina kwaikwayon tafiyarsa.

Kwanansa tara a asibitin garinmu Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar arba'in Baffa ya ce zai sare Zabiya, inuwarta tana hana albasa girma. Na yi kukan da ya kusa cika rijiyar garkar. Sai ya ce in zaɓi ɗa guda a cire mini.

Na zaɓi farin. So nake 'yan ajinmu su gani su yi shiru.

A cinyata ya hau babur, a cinyata ya shiga mota, yana tsikarin kowa. Na dasa shi a tsohon bokitin Inna. Ruwan da na ba shi safe da yamma ya isa jaki ya yi iyo. A sati na uku bakin ganyen ya fara komawa ruwan ƙasa. A lokacin ne muryar Kaka ta dawo mini, kalma bayan kalma.

Na sa Inna ta kira Baffa a waya, a ajiye mini mai ratsi ɗaya.

"Ai tuni aka tone kututturen," in ji shi. "Sauran duk sun bushe."

Bokitin yana nan bayan ɗaki da busasshen karansa. Sau biyu Inna tana cewa in zubar da ƙasar ta sami abin wanki. Kullum sai in ce mata gobe.