Bakwai a jita, uku a ajiye

Jiya a wani biki a Maikunkele, mai kula da lasifika ya ce in ƙure muryar jitata, shi zai rage a amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Na ce masa ko kusa. Nan take Baba, tsohon da ya koya mini jita a Fadikpe, ya faɗo mini a rai.

Ina tuna wata Asabar a zaurensa, ƙamshin man da yake goge tsirkiya da shi ya cika ko'ina. Na ƙure maɓallin muryar jita har lamba goma, amfilifaya kuma na bar ta ƙasa-ƙasa. Sautin ya fito a shaƙe kamar muryar mai mura. Ya miƙo yatsansa mai kanta ya mayar da jitar bakwai, sannan ya ƙara wa amfilifaya. Da na kaɗa, kowace tsirkiya ta fito da muryarta tas.

"'Yata," ya ce, "in kin ƙure tun farko, me za ki ba mutane idan amarya ta fito?"

Jiya kuwa na kafe a bakwai, ana ta yi mini kallon mai taurin kai. Amarya na shigowa fili, na sa ƙaramin yatsa na murɗa zuwa goma. Jita ta yi ruri, mata suka rangaɗa guɗa, har mai lasifikar ya bar teburinsa ya faɗa rawa.

Baba, ukun da ka ce in riƙa ajiyewa sun yi rana. Allah ya haskaka kabarinka, ya ƙure maka rahamarsa har goma.