Teta Zagorka da Ƙofofin Benenmu

Kowace safiya, kafin motar ɗibar shara ta shigo layinmu, Teta Zagorka Stamenkovic (Teta a harshen garinmu kamar a ce inna ne) takan shiga lifta ta haye hawa na goma sha ɗaya, sannan ta gangaro da ƙafa. Shara da goge matakala aka ɗauke ta yi a wannan bene na birnin Nish. Amma a kowane hawa sai ta ajiye bokiti, ta tura ƙofar ƙarfen da ta raba matakala da gidajen mutane, ta sake ta, ta tsaya kallo. In hannun ƙarfen da ke samanta ya jawo ta a hankali har ta rufe ruf, sai ta wuce. In ta tsaya rabi, akwai sukudireba a aljihunta. Shekara ashirin da tara ke nan tana haka, ranar Juma'ar nan kuma za ta ajiye aiki.

Gaskiya ba mu so ƙofofin nan ba. Nauyi gare su. Mai keken jariri sai ta yi kokawa da su, tsoho mai jakar kasuwa sai ya yi tsaki. Muka dinga tokare su da bulo, da tukunyar fure, da tsohon takalmi. Ita kuwa ta bi ta kwashe. Har suna muka sa mata, 'Yar Sandan Ƙofa, ta ce ta karɓa, a ƙara mata da hula.

Shekarar da ƙofa ta matse yatsan wata yarinya, iyaye suka tashi haiƙan. Zagorka ba ta musa ba. Ta je wurin wani maƙerin makullai ta koyi yadda ake rage wa ƙofa sauri, ta yanko roba mai kauri ta rufe tsagar da yara ke cusa hannu, hawa bayan hawa. Duk da haka Radomir, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke shugabantar mazauna benen, ya kira taro. Aka ɗaga hannu, masu son a kwance hannayen ƙarfen suka yi rinjaye, har da na ƙofofin gidaje. Ya umarce ta ta kwance su kafin Litinin.

"Maƙwabci, ga sukudireba," in ji ta, ta ajiye a gabansa. "Ka kwance da hannunka, ka rubuta sunanka a jikin kowace ƙofa, saboda in ranar ta zo a san wanda za a tambaya."

Radomir ya ce mai shara ba ta koya masa aiki ba, kuma masu neman aikinta suna da yawa.

"To ka kore ni. Amma ka sani gobe ina nan, ko da tsintsiya ko babu."

Ba wanda ya ɗauki sukudireban. Wata biyu mutane da dama ba sa amsa gaisuwarta.

A shekarar nan da kaka ta kama, kowane gida na gasa jan tattasai ana dafa ajvar, miyar tattasan da ake ɗurawa a kwalba a ajiye. Wata Laraba da hantsi Biserka, matashiyar uwa a hawa na huɗu, ta ɗora mai a wuta ta leƙa baranda. Kafin ta juyo labule ya kama. Ta suri jaririnta ta fita ba takalmi, ba ta ko tuna da ƙofa ba. Ƙofar ta rufe kanta. Kafin ranar, sau uku mijin Biserka yana kwance hannun ƙarfen ƙofar gidansu, sau uku Zagorka tana tsayawa a bakin gidan har sai an bar ta ta mayar.

A hawa na bakwai matar Radomir tana renon yara shida da iyayensu suka tafi aiki, babbansu bai kai shekara huɗu ba. Zagorka ta haye da gwiwarta mai ciwo. Ta kwance igiyar shanya, ta sa kowane yaro ya riƙe, ta ce musu jirgin ƙasa za a yi, wanda ya saki ya rasa kujerarsa. Ita a gaba, matar Radomir a baya da ƙaramin a hannu. Da suka iso hawa na huɗu ana jin wuta na ruri a ciki, hayaƙi na ɗan tsartowa ta ƙasan ƙofar matakala, amma ana ganin hanya, ana shaƙar iska. Ta jingina bayanta da ƙofar har yaron ƙarshe ya wuce. 'Yan kwana-kwana suka iso suka tarar da yara shida a kan ciyawa suna gardamar wanda ya zama direba. Gidan Biserka ya ƙone ƙurmus. Ba a rasa rai ba.

Radomir bai taɓa ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Washegari ma bulo biyu ta cire a hawa na tara.

Teta Zagorka, ke ce kika yarda a tsane ki don 'ya'yan masu tsanar taki su girma. Ke ce mai taurin kan da muka ci moriyarsa. Biyu daga cikin yaran nan yanzu suna jami'a, ɗaya tana goyon nata.

Da na ce mata zan yi wannan rubutu, sai ta ce in bar yabon, in gaya wa mutane abu ɗaya: wuta ba ta cika kashe yaro ba, hayaƙi ne ke riga ta isa gadonsa.

To na faɗa, Teta, yabon kuma ban bari ba. Mun gode. Ku kuma masu karatu, duk benen da kuke akwai ƙofar da wani ya tokare don jin daɗinsa. Ku cire abin, ko da maƙwabci zai daina gaishe ku. Zai huce, yaransa kuma suna nan da rai lokacin da zai huce.