Ranar da Abduljalil Ya Durƙusa a Pitowa

Shekara goma sha bakwai Abduljalil ya yi yana taka hanyar Gider zuwa Garwa da ƙafa. Fataken shanu su saya, su damƙa masa garke, shi kuma ya koro shi ta Pitowa har mayankar Garwa, kwana uku in babu saniya mai ɗingishi. Da manyan motoci suka ƙwace aikin, sai ya koma mayanka yana kama ƙaho da igiya. Amma ƙafa ta ƙi zama. Kullum bayan sallar asuba yakan bi bakin kogin Binuwai a guje, ya dawo kafin a fara fiɗa. Mahauta suka laƙaba masa suna Kamyon Gider, wato babbar motar Gider, kowace safiya sai an tambaye shi wa ya biyo shi yau.

A bakin kogin Fabrice ya gan shi. Fabrice malamin motsa jiki ne a wata lise, wato makarantar sakandare, yana da ƙungiyar masu dogon gudu. Ya faɗa masa za su yi tsere daga Gider zuwa Garwa a watan Disamba, kilomita ɗari da ɗoriya. Za a tashi ƙarfe biyar na asuba, a rufe rajista ƙarfe shida na yamma. Wanda ya iso bayan haka, ko da minti ɗaya ne, ba a rubuta sunansa. Abduljalil yana da shekara arba'in da shida, ya girmi duk mutum arba'in da ɗaya da suka shiga. A gaban sarkin fawa ya ce sunansa zai hau takardar nan, mahauta kuwa suka yi ta dariya, wani ya ce zai ajiye masa baro a Pitowa don a turo shi.

Fabrice ya ja masa kunne a kan abu biyu. Ya ci wani abu a duk teburin ruwa, kuma in ya wuce kilomita saba'in kada ya zauna, kada ya tsuguna, domin jijiya za ta ɗaure.

Abin da Fabrice bai lissafa ba shi ne babu ƙauye a wannan hanya da ba a san Abduljalil ba. Nan ya taɓa shayar da shanu, can ya taɓa kwana a zaure. Ana ta kiran sunansa, yana ɗaga hannu yana wucewa, ransa na sosuwa don bai saba gaida mutane a guje ba. Da ƙarfe biyu ya haɗa azahar da la'asar kamar kowane matafiyi, sai da ya dafa bishiya kafin ya miƙe. Matasa da yawa rana ta riga ta zubar da su, an kwashe su a mota.

Ƙarfe huɗu saura minti goma ya shigo Pitowa, saura kilomita goma sha shida. A gindin dalbejiya, dab da titi, ga Malum Oumar zaune a tabarma da abokansa dattawa. Shi ne mahaifin Dela, matar Abduljalil. Tun safe ya fito don ya ga wucewar surukinsa. A shekara ashirin na aurensu, Abduljalil bai taɓa gifta wannan tsoho da takalmi a ƙafa ba.

Fabrice yana bin 'yan tsere a moto mai ƙafa biyu, ya hango abin da zai faru, ya yi ta nuna masa agogo. Abduljalil ya sauka daga titi, ya kwance takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Ya tambayi lafiya, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya da yadda audugar bana ta yi. Tsoho yana amsawa da jam, jam, wato lafiya da Fulatanci, kansa a sunkuye. Da aka gama, Abduljalil ya yunƙura zai tashi. Cinyoyinsa suka ƙi. Ya sake yunƙurawa, ya koma zaune a turɓaya, ƙwaurinsa ya sandare kamar itace.

Fabrice ya ce shi mai shirya tsere ne, doka ta hana shi taɓa ɗan tsere, amma ba ta hana mutumin gari ba. Dattawa suka kalli juna. Tsakanin suruki da suruki akwai kunya, ko hannu Malum Oumar bai taɓa ba Abduljalil ba. Ɗaya daga cikinsu ya fara miƙewa, tsoho ya dakatar da shi. Ya tashi da kansa, ya naɗe hannun riga, ya kama ƙwaurin surukinsa yana murzawa da ƙarfi kamar yadda ake yi wa sa mai ciwon ƙafa. Sannan ya zura hannu a hammatarsa ya ɗago shi.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Abduljalil, idonsa a ƙasa.

"Na ba ka 'ya ne don ka iya tafiya, ba don ka iya zama ba," in ji tsoho. "Gaisuwa ta iso. Je ka."

Ƙafa ta kumbura, ta ƙi komawa takalmi. Malum Oumar ya zaro wuƙarsa ya tsaga gefen kowane takalmi. Minti goma sha tara suka tafi a gindin dalbejiyar nan.

Kilomita biyun farko da jan ƙafa ya yi su. Daga nan ya koma salon da ya sani tun zamanin kora, ya yi sassarfa tsakanin turakun lantarki uku, ya yi tafiya a na huɗu, bai ƙara duban agogo ba. Motocin auduga suna wuce shi suna danna masa oda. Da ya shigo gari, ya iske mahauta sun bar rumfunansu sun yi layi a bakin titi. Babu mai dariya a cikinsu. Sarkin fawa da babbar rigarsa ya bi shi a baya yana haki, yana cewa a ba Kamyo hanya.

Ya taka layin ƙarshe ƙarfe shida saura minti bakwai. Mutum ashirin da huɗu ne suka iso a kan lokaci, shi ne na ashirin da biyu. Ya ƙi zama har sai da ya ga mai rajista ta rubuta sunansa cikakke, ya sa ta karanta masa da ƙarfi don mahauta su ji.