Takardar da Ban Karanta wa Baba Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Mariyama. Lokacin tana da shekara goma sha shida, ni sha huɗu. Ita ce ta ɗaya a aji, ita Baba ke kira "uwata", ita ake ɗinka wa sabon zane ni in gaji tsohon. Ba zan ɓoye ba, na yi kishinta tana raye.

Da ciwon ya zo, ta daina ci, ta daina magana, sai kuka ba dalili. Wata malamar lakwal, wato makarantarmu ta boko, ta ba ni takarda in kai gida. Cewa aka yi a kai ta likita a duba lafiyar tunaninta, uba ya sa hannu. Baba ba ya jin Faransanci. Ya dubi hatimin, ya dube ni.

"Ke Zalika, mi ta ce? Sammaci ne? Ɗiyata za su karɓe?"

Na san ba sammaci ba ne. Amma raina ya ce, ko ciwo ma nata ne ake yi wa takarda. Na yi shiru, shi kuwa ya ɗauki shiruna amsa. Ya ce gwamnati ba ta haifa mishi ba, ba ta yi mishi suna ba. Washegari ya ɗora Mariyama a kabu-kabu zuwa Jiratawa, wurin gwaggonmu mai ginin tukwane, inda hukuma ba za ta gan ta ba. An karɓo rubutu daga Tibiri, an yi hayaƙi. Wata biyu bayan nan aka tsamo gawarta daga rijiyar garka, wato lambu.

Yau ina ganin ɗiyar maƙwabtanmu a nan unguwar Zariya. Irin ciwon ta yi, ubanta ya ƙi, ma'aikatan jin daɗin jama'a suka yi ta zarya har ya yarda. Ga ta nan tana wucewa da jakar lakwal, tana dariya. In ta ce mini "ina kwana, Yaya", sai in kau da kai. Me ta fi Mariyama? Don me aka yi naci a ƙofarsu, a tamu aka aiko takarda ɗaya aka koma? Ina roƙon Allah gafara, amma ban iya taya ta murna ba tukuna.

Me Mariyama za ta ce da ta ga wannan? Ba na jin za ta zagi Baba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma tsoro ne ya sa ya ɓoye ta, ba ƙiyayya ba. Uba na da haƙƙi kan ɗiyarsa. Amma ita mai ciwon, wa ya tambaye ta? Baba bai yi ba, hukuma ba ta yi ba, ni ma ban yi ba.

Abin da ya rage mini nata shi ne karatu, don ita ta koya mini harafin farko a ƙasan tsakar gida. Makon jiya ƙanwarmu Hawwa ta fara barin tuwonta, kuma lakwal ta aiko da takarda. Tana cikin jakata. Wanda maciji ya sara, tsumma ma tsoro yake ba shi. Duk da haka, in Baba ya dawo daga Sabon Gari zan durƙusa gabansa in karanta mishi ita kalma kalma. In na gama, in faɗa mishi abin da takardar farko ta ce.

Allah ya jiƙan Mariyama, ya ba ni bakin magana.