Auwalu ya dawo daga gudu a amalanke

Ina juyowa daga gindin ɗorawar hanyar Kausani yau da safe, sai ga amalanken shanu ɗauke da karan dawa. A saman karan ƙanina Auwalu ne zaune, ya riƙe gwiwa.

Akwai tseren dogon zango da muke son shiga a Kano. Ni tun damina nake shiri, duk mako ina ƙara nisa kaɗan, ranar da ƙafa ta yi tsami kuma in huta. Shi jiya ya sayi takalmin gudu, yau ya wuce ni kamar an koro shi, wai sai ya taɓo Kausani.

Na ce, "Ka taɓo ta?"

Ya ce, "Yaya, na dai hango ta. Don Allah kada ka gaya wa Inna, mai ɗori za ta kira."

Ban gaya mata ba. Tun daga zaure ta ga ɗingishin.

A asibiti an ce ba karaya ba ce, amma dole ya haƙura da tseren bana. Shi zai riƙe mini ruwa a Kano.

Masu gudu, ku me ya dawo da ku gida a ranarku ta farko?